Mahaɗin da Ba Ya Tsinkewa

In kana neman mutumin da ya fi kowa ilimi a birnin Injamena, kada ka wahalar da kanka da tambaya. Ka je unguwar Klemat, bayan layin masu turare, ka tsaya gaban wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa. Shi da kansa zai fito ya gaya maka. Sunansa Mijinyawa, amma ya fi son a ce Injiniya, in ka manta kuwa zai tuna maka. Aikinsa na hannu shi ne canza gilashin waya da zuba wa mutane karatu da waƙoƙi. Aikinsa na baki kuwa, ai har tauraron ɗan'adam ya taɓa gyarawa, yana zaune a kan benci, da sukundireba.

Hausawan garin suna da wata ƙungiya, Jikokin Matafiya, ta zuriyar mutanen da suka taso a ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu ko aure ya riƙe su a bakin kogin Shari, suka yi zamansu. Ƙungiyar tana da shafi a intanet mai ɗauke da tarihin kowane gida, da hotunan kakanni, da muryoyin tsofaffi da aka ɗauka a kaset tun da daɗewa. Kana karanta labarin wani gida sai ka ga suna da shuɗin rubutu, ka taɓa ya kai ka ga hoton mai sunan, ka sake taɓawa ka ji muryarsa. Wannan shuɗin rubutu shi ake kira mahaɗi. To, kayan nan duka a na'ura guda suke a can Turai, rannan kamfanin da ke riƙe da ita ya rufe, ko sallama bai yi ba. Duk mahaɗin da ka taɓa sai ya kai ka ga farin shafi fayau.

Abin ya zo a mummunan lokaci. Addu'ar kakanni da ake yi duk shekara ta gabato, kuma wani attajiri, Alhaji Salmanu, ya aiko daga Haɗeja cewa zai zo takanas don ya ji muryar Malam Waliyyullahi, ƙanen kakansa, wanda ya bar gida da sanda da gora bai sake komawa ba. Shugaban ƙungiya, Alhaji Abdussamad, tsoho mai gemu fari da kalma guda, ya tara mutane a gidansa na unguwar Milezi ya ce a kawo shawara.

Kafin ya rufe baki Mijinyawa ya miƙe.

"Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kuskurenku ɗaya ne. Kun ba baƙo ajiya, ya yi ƙaura da ita. Tsohon mahaɗinku cewa yake yi, je ka gidan wane. In wane ya tashi, shi ke nan. Nawa kuwa tambaya zai yi, wa ke da abu kaza? Zan raba tarihin nan a wayar kowa, waya da waya suna miƙa wa juna, babu wani Bature a tsakani. Duk wadda ke da abin sai ta miƙo. In wayar Muntaka tela ta faɗa rijiya, ta Hajiya Ikilima tana nan. Na sa masa suna Igiyar Zumunci. Kuma abin da ya shiga ya shiga, ko ni da na ƙirƙiro shi ban isa in goge ba."

Bai ƙirƙiro shi ba. A intanet ya gan shi, ya kalli rabin bayanin da Faransanci, wuta ta ɗauke.

Hajiya Ikilima mai turaren wuta, 'yar kawunsa ce, saboda haka tana da lasisin cin mutuncinsa tun daga haihuwa. Ta leƙo daga ɓangaren mata ta ce, "Taubashi, ba kai ne ka gyara min rediyo ba, tun ran nan tashar Kamaru kaɗai take kamawa?"

"Ai ƙara mata ƙarfi na yi, ta tsallake kogi."

"To ka tsallako min da ita, na gaji da labarin Kusiri."

Alhaji Abdussamad ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Me kake so in ka yi?"

Mijinyawa ya sunkuyar da kai irin na masu kunya, ya ce shi ba ya son komai, don Allah zai yi. Sai dai in ƙungiya ta matsa, ba zai ƙi rawanin Ma'ajin Tarihi ba, a naɗa shi ran addu'a gaban baƙo.

"In baƙo ya ji muryar kakansa, ka samu," in ji tsohon. "In bai ji ba, kalas, magana ta ƙare."

Aka ba shi kwalin kaset-kaset da hotuna. Daga nan bai zame ko'ina ba sai shagon Muntaka tela, maƙwabcinsa, ya ba da ɗinkin babbar riga, ya sayi rawani. Aikin ya biyo baya.

A yi masa adalci, ya juye kaset ɗin nan kaf a kwamfutarsa. Da ya gama ya kai kwalin gidansa a unguwar Paris-Congo, ya dangwarar a tsakar gida ya ce wa matarsa, "Hamdiyya, in masu shara sun zo ki ba su. Zamanin wannan tarkace ya wuce."

"Muryar mutane ce fa, Baban Nuriyya."

"Muryar mutane tana sama yanzu. Ke dai ba ki san rezo ba, intanet nake nufi."

"Gaskiya ne. Na dai san ƙafar gadonmu da ka ce za ka gyara tun damina waccan."

"Ina nazarinta."

Ba a jima ba gadon ya daina ɗingishi. Mijinyawa ya ce dama ya lissafa zai daidaita da kansa.

Sai ya shiga gida-gida yana sa wa mutane Igiyar Zumunci. Wanda ya ce ba ya so, sai ya tambaye shi ko ya raba gari da kakansa ne. Ba a yi mako ba ƙorafi ya fara zuwa shago da ƙafafunsa.

Hajiya Ikilima ce ta fara, ta riƙo wayarta da gefen gyale. "Taubashi, taɓa ka ji."

Ya taɓa ya janye hannu. "Alamar aiki ce. Tana ba wa 'yan'uwa ajiya."

"Madalla. Na daina sayen gawayi, a kanta nake ɗora turare. Jiya mai saye ta kira ni, ina cewa lale marhaba batir ya ce ga garinku."

Muntaka tela kuma ya ce shi kredinsa ne, wato kuɗin katin waya, ke tafiya ba sallama. "Na sa da safe, kafin azahar an ce babu. Wa ya sha?"

"Zumunci ya sha."

"To zumuncin nan ya fi ɗan'uwan matata ci."

Wani mahauci ya zo yana huci, wai zai ɗauki hoton jaririnsa waya ta ce babu wuri, ya duba ya tarar kakan wani ne ya cika ta, yana ba da labarin yadda raƙumi ya cije shi a hanyar Abeshe. Mijinyawa ya sallami kowa da magana guda: "Ku kwantar da hankalinku. Duk abin da ke wayarka yana wayar ɗan'uwanka." Ya faɗe ta a shago, ya faɗe ta a masallaci, ya faɗe ta a wurin mai shayi har mutane suka haddace. Da ya san inda za ta kai shi, da ya haɗiye ta da shayin.

Da addu'a ta matso, ya ga bai kamata tarihi ya buɗe ba jawabinsa a gaba ba. Ya ja Muntaka zuwa ƙofar gidan Alhaji Abdussamad da hantsi, bayan an sha ruwan sama, ya sa sabuwar riga, ya naɗa rawanin da ba a naɗa masa ba tukuna. Ya miƙa wa Muntaka wayarsa.

"Na saita ta. Kana danna tsayawa zai shiga Igiya kai tsaye, da sunan Jawabin Buɗewa. Kada hannunka ya yi rawa, wannan jikoki za su gani."

Ragon da za a yanka ran addu'a yana ɗaure a gindin dalbejiya, wani jibgege mai ƙaho kamar an murɗa igiyar rijiya. Mijinyawa ya ce yana ɓata hoto. Ya kwance shi ya mayar bayan katanga, ya yi masa wani ƙulli da ya ce na sojan ruwa ne. Sa'an nan ya hau katakon da aka gitta kan kwata, don ya ƙara tsawo.

"Ya ku jikokin matafiya na gabas da yamma! Ni, Injiniya Mijinyawa, na kawo muku ƙarshen ɓata da salwanta. Daga yau babu abin da zai sake kuɓuce mana..."

"Injiniya," in ji Muntaka.

"Kada ka katse ni. Daga yau, na ce..."

"Injiniya, bayanka."

"Tarihi ne a bayana!"

Tarihin ya ja da baya taku kaɗan, ya sunkuyar da kai, ya zo a guje. Babbar riga ta buɗe a sama kamar laima, rawani ya yi nasa wuri, Injiniya ya sauka cikin kwata da baki, ƙafafu na harbin iska, yana kiran sunan mahaifiyarsa. Ragon ya leƙo ya dube shi, ya ɗauki bakin rawanin ya fara tauna. Muntaka, mutum mai cika umarni, hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan. Da ya ga jawabi ya ƙare, ya danna tsayawa.

Kafin Mijinyawa ya gama wanke kunnuwansa, Jawabin Buɗewa ya kai Klemat, ya kai Paris-Congo, ya tsallaka gada. Ya goge shi daga wayarsa, ya taɓa mahaɗin don ya tabbatar, sai ga shi ya dawo daga wayar wani, garau. Ya hau kilando, wato ɗan acaɓan garin, ya bi gidaje yana roƙo.

"Hajiya, don darajar kawu, ki goge."

"Ni wa? Kai da ka ƙirƙiro ka ce ba ka isa ba, sai ni mai turare? Zauna ma ka gani, wurin da kake kiran Inna ya fi daɗi."

Mahauci ya ce zai goge da zarar surukarsa ta gani. Mai shayi ya ce tun da aka fara kallon abin nan a teburinsa ciniki ya ƙaru, sai dai Injiniya ya yi haƙuri.

Mijinyawa ya dawo yana lallashin kansa. Ba komai, ran addu'a in baƙo ya ji muryar kakansa ya fashe da kuka, wa zai tuna da rago? Aka wanke riga, aka sayi wani rawanin. Ya shiga ɗaukar kansa hotuna da bidiyo, ta gaba da ta gefe, yana gwada irin tafiyar da zai yi bayan naɗi, har kwamfutarsa ta ce ta cika. Ya duba abin da ya fi cin wuri, ya ga muryoyin tsofaffi ne. Ya yi murmushi. Ai suna wayar kowa. Ya share su.

Ran addu'a, bayan la'asar, gidan Alhaji Abdussamad ya cika maƙil. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, ƙanshin miya da na kisar, wata siririyar gurasar garin, yana tasowa daga cikin gida, ana zagayawa da karkanji, wato zoɓo, mai sanyi. An aro wata ƙatuwar talabijin an jingina a inuwa, janareta na kuka a waje. Alhaji Salmanu na Haɗeja yana zaune kusa da mai gida, ya riƙe hankici tun kafin a fara.

Abin da Injiniya ya manta, duk da tun yana saurayi yake zuwa taron nan, shi ne tasa. Tun shekarar da wayar wani ta ɓarke da kiɗan biki ana tsakiyar Fatiha, Alhaji Abdussamad ya kafa doka: duk mai shiga addu'ar kakanni sai ya kashe wayarsa ya jefa a wata babbar tasa a zaure, a rufe da faifai, ba a buɗewa sai an shafa. Babba da yaro, har mai gidan. Shi kansa Mijinyawa ya jefa tasa wayar yana ta gaisawa da mutane, ko a jikinsa.

Aka ce Injiniya ya fito. Ya fito da tafiyar da ya gwada, ya haɗa kwamfuta da talabijin. Shafi ya buɗe, ga sunan Malam Waliyyullahi da shuɗin rubutu.

"Alhaji, ka shirya hankicinka," in ji shi. Ya taɓa.

Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Ya juya, ya juya. Jama'a suka bi shi da ido.

"Wannan ne kakan nawa?" in ji Alhaji Salmanu a hankali.

"Yana hanya. Yana tambayar wayoyi ne."

"Dama a ƙafa ya saba tafiya," in ji Hajiya Ikilima daga bayan labule. "A ba shi lokaci."

Gumi ya fara tsattsafowa daga ƙarƙashin hular Mijinyawa. Wayoyi... Sai a lokacin ya tuna. Duk wanda ya sa wa Igiyar Zumunci ɗan ƙungiya ne, duk ɗan ƙungiya yana zaune a gabansa, Igiyar kuwa gaba ɗayanta tana zaure a kashe, an rufe ta da faifai.

Ya rarrafa gaban mai gida. "Allah ya ja kwanan Baba, a taimaka a buɗe tasa."

"Ba a shafa ba."

"Baba, kakannin suna cikin tasar."

Tsohon ya dube shi. Ya dubi baƙonsa da hankici. Ya ce, "Tun da na kafa dokar nan ban taɓa karya ta ba. Yalla, maza a kawo."

Aka kawo tasa aka juye a tabarma. Wayoyi baƙaƙe iri ɗaya, kowa ya kai hannu. Liman ya kunna wata sai ga hoton amaryar mahauci, ya yi salati ya ajiye. Wayoyi suka farka gaba ɗaya, wannan na kiran salla, wannan na kukan jariri, wata can ta saki kiɗan bikin nan dai na shekarun baya, mai ita ya yi kamar ba tasa ba. Da ƙura ta lafa, Mijinyawa ya share gumi ya ce, "Yanzu za ku ga aiki." Ya taɓa.

Zobe ya ci gaba da juyawa.

Ya taɓa sunan wani tsohon. Zobe. Ya taɓa na mai raƙumi. Zobe.

"Muntaka, muryar Malam Waliyyullahi tana wayarka, ni na sa da hannuna!"

Muntaka ya sosa ƙeya. "Wallahi ta cika min wuri, hotunan ɗinki ba sa shiga. Na ce ai tana wayar Hajiya."

"Ni na goge tawa tun ran da ta ƙona min gyale," in ji Hajiya Ikilima. "Na ce ai tana wayar mahauci."

"Jariri na ɗauka," in ji mahauci. "Kai ka ce duk abin da ke wayata yana wayar ɗan'uwana."

Aka bi layi, kowa ya bar wa ɗan'uwansa. Alhaji Abdussamad ya ce, "To ba komai. Kai mai abin, kunna mana ta cikin na'urarka."

Mijinyawa ya hau lalube a kwamfuta kamar bai san ya share su ba. Hannunsa ya zame, talabijin ta cika da hotunansa da rawani, ta gaba da ta gefe, har da wanda yake ɗaga wa bango hannu.

"Ma sha Allah," in ji Alhaji Salmanu. "Wannan kuma kakan wa ne?"

Mahaɗi ɗaya ya rage a saman shafin wanda ba a taɓa ba. Alhaji Abdussamad, wanda shi kaɗai ne a garin bai san labarin ba, ya nuna da sandarsa. "Wancan fa? Jawabin Buɗewa. Taɓa mu gani ko shi yana da rai."

"Baba, wancan ba shi da amfani..."

"Taɓa."

Ko ƙiftawar ido zobe bai yi ba. Wayoyin da ke rumfar nan kaf suka yi rige-rigen miƙo shi. Ga Injiniya a kan katako, ƙato, garau, murya har waje: "Tarihi ne a bayana!" Rumfa ta kece. Liman ya rufe fuska da carbi kafaɗunsa na rawa. Alhaji Salmanu ya yi amfani da hankicinsa dai, amma ba irin amfanin da ya zo da niyya ba. Da aka zo wurin kiran Inna, jama'a suka amsa tare, don kowa ya haddace.

Mai gida bai yi dariya ba. Ya jira aka yi shiru, ya ce, "Mijinyawa, ina kwalin da na ba ka?"

Nan fa dariya ta ɗauke. Mijinyawa ya tuna masu shara. Yana neman ta inda zai fara, sai muryar Hamdiyya ta fito daga ɓangaren mata.

"Baba, yana gida. Ƙafar gadonmu ce ta karye, na ga kwalin daidai tsawonta."

"Wato a kan kakanninmu yake kwana?" in ji Hajiya Ikilima. "Shi ya sa suka ƙi amsa masa."

Aka tura kilando ya ɗauko kwalin, ya ɗan lotse ta sama. Aka kakkaɓe tsohuwar rediyon mai gida, aka sa kaset. Ta yi shuuu, sai ga muryar wani tsoho, siririya, yana cewa shi mutumin Haɗeja ne, ya bar wansa yana gyaran darni ya ce masa sai ya dawo. Alhaji Salmanu ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya yi tari har kaset ya ƙare.

Bayan an shafa, Alhaji Abdussamad ya sa aka mayar da kwalin ɗakinsa, ya ce a sake juyewa, amma wannan karon a sami gidajen da za su yi alkawari da bakinsu cewa su ne masu riƙewa, kada kowa ya sake bar wa kowa. Rawani kuwa ya ce a naɗe shi a ajiye. Baƙo ya roƙi alfarma guda, cewa kada a yanka ragon nan, zai tafi da shi Haɗeja, don mutanen gida ba za su yarda ba sai sun gan shi ido da ido. Ran nan dai da naman kaji aka ci kisar.

Mijinyawa ya koma gida ya tarar gado ya koma ɗingishinsa. Ya yi kwanaki bai buɗe shago ba. Da ya buɗe kuwa, sai ga sabon allo a saman shuɗiyar ƙofa, da manyan baƙaƙe: INJINIYA MIJINYAWA, MAI MAHAƊIN DA BAI TAƁA TSINKEWA BA.

Kuma kada ka ce ƙarya ya yi. Mutanen Haɗeja sun taɓa ya buɗe, na Kano sun taɓa ya buɗe, wani ɗan'uwa a Jidda ya aiko cewa can ma garau yake fitowa. In ka je shagon ka nuna shakka, shi da kansa zai karɓi wayarka ya taɓa maka, ya juya baya ya dubi bango har a wuce wurin kiran Inna, sa'an nan ya juyo ya ce, "Ka ga sauri?"